An bar jaki ana dukan taiki: me ke kashe regileta a kan allon Arduino?

Cikin bazarar da ta wuce, ɗan maƙwabcina da ke karatun lantarki a kwalejin fasaha ya yi mini sallama bayan la'asar, riƙe da kwali. A cikin kwalin akwai ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasar ƙwai da ya haɗa da hannunsa: allon Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori, irin na kwaikwayo, ɗan gilashin da ke nuna rubutu, na'urar auna zafi da danshi, sai jerin rile huɗu, wato makunnan da allon ke kunnawa da kashewa, ɗaya na fitilar dumama akwati, ɗaya na fanka, ɗaya na feshin ruwa, ɗaya na juya tiren ƙwai. Ya ce, "Kawu, regileta mai kyau nake nema. Wannan ce ta uku, duk jabu ake sayar mini." Regileta ita ce 'yar na'urar da ke daidaita bolt ɗin da allon ke samu. Na ce ya faɗa mini yadda ciwon yake. Da safe lafiya lau. Da zarar an yi azahar sai gilashin ya ɗauke, rile su saki, bayan 'yan daƙiƙu ya dawo, ya yi minti biyu ko uku ya sake ɗaukewa. Da magariba kuma ya warke da kansa. Na tambaye shi bolt nawa ke shiga allon, kuma wuta nawa kayan ke ja. Ya yi shiru, domin bai taɓa aunawa ba.

Ban ga laifinsa ba, haka kusan kowa ke farawa. Regileta ce ke yin zafi, ita ke wari, wani lokaci ita ke kumbura ko ta tsage, saboda haka ita ido ke fara kamawa. Amma a yawancin allunan da suka ratsa ta hannuna, ba ita ce mai laifin ba, ita ce dai wadda duka ya faɗa wa. Wanda ya cire ta ya sa sabuwa ba tare da ya gano abin da ya kashe ta farko ba, ya kai wa makashin sabon nama ne kawai.

Sai an fahimci aikinta kafin a yi mata adalci. Ƙwaƙwalwar Uno, wato ATmega328P, bolt 5 take so, kuma takardar kamfanin da ya ƙera ta ta ce kada a haura 6. Batir da adafta kuwa ba ruwansu da wannan, 9 ne ko 12, kuma suna hawa suna sauka. Regileta ce ke tsayawa a tsakani. A kan Uno na asali, wanda ya fito a 2010 daga aikin da aka faro a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, galibi NCP1117 ake sawa. Allunan kwaikwayo da suka cika kasuwanninmu galibi AMS1117 ne a kansu, baƙar aba ƙarama mai ƙafa uku da faffaɗan kunne ɗaya. Kakarsu ita ce 7805, wadda duk mai gyaran rediyo ya sani. Dukkansu tafiyarsu ɗaya: ba su san yadda ake juya rarar wuta ta zama wani abu mai amfani ba. Abin da ya haura 5, ƙone shi suke yi ya zama zafi a jikinsu. Kuma wutar da ke fita, ita ce ke shiga, ba ragi. In kayanka na jan miliamfiya 200 a bolt 5 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), to miliamfiya 200 ɗin ne ke fitowa daga batir mai 12, da ɗan ƙari kaɗan da ita regiletar ke ci.

Lissafin zafin ba shi da wuya. Ka cire bolt ɗin fita daga na shiga, ka ninka da amfiyar da ke wucewa, abin da ya fito shi ne wat ɗin da regileta za ta haɗiye. Washegari da azahar na bi yaron gida da mita, domin a lokacin ciwon ake duba mara lafiya. Wayar wutar tasa daga batirin sola na gidan take, kai tsaye zuwa ƙafar VIN, inda wutar waje ke shiga regileta. A ransa batir "mai 12" ne. Mita ta ce 14.2, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin batirin gubar da ke kan caji yakan kai 14.4 in rana ta take. Sai muka yanke wayar muka sa mita a tsakani don ganin abin da ake ja. Allon kansa kusan miliamfiya 50, hasken gilashi ashirin da 'yan kai, kowane rile in ya kama kusan 70. A wannan sa'a fanka da feshin ruwa duka a kunne suke, saboda zafi da bushewar iska. Jimilla ta tashi wajen 220. Bolt 9.2 na rara sau amfiya 0.22, wat 2 ke nan da ɗigo.

Wat 2 ba ya tsorata wanda ya saba da dutsen guga mai wat dubu. Abin dubawa shi ne girman jikin da zai ɗauke shi. Takardar AMS1117 ta ce kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinta da digiri 46 zuwa 90 ko fiye, gwargwadon faɗin tagullar da aka manna kunnenta a kai, domin ta nan take zubar da zafi. A kan allon kwaikwayo tagullar ba ta da yawa. Ko mun yi mata sassauci mun ɗauki 60, wat 2 ya ba da ƙarin digiri 120. Ɗakin da injin yake, mai rufin kwano, ya kai 40 a watan Afrilu. An tashi 160 ke nan, alhali iyakar da aka yarda ta yi aiki a kai 125 ne. A cikinta akwai mai gadi wanda ke yanke wuta in zafi ya wuce kima. Shi ne ke ɗauke gilashin. Da ta yanke, rile su saki, kaya ya ragu, ta huce, ta dawo da wuta, shirin da aka rubuta wa allon ya tashi daga farko ya sake kama rile, zafi ya sake taruwa. Wannan kashe-kunna mai tsari, wanda ke zuwa bayan mintuna ba nan take ba, shi ne sa hannun zafi. Regiletar ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi.

Abin da ya fi jan hankalina a lamarin shi ne yadda abubuwa uku suka haɗa baki a sa'a guda. Ranar da ta dafa ɗakin, ita ce ta ɗaga batirin zuwa 14, ita ce kuma ta sa shirin ya kunna rile biyu. Da safe batir yana 12.3, rile ɗaya ke aiki, ɗaki da sanyinsa, zafin da ake ƙonawa bai wuce wat 1.1 ba, sai ta daure. Masu Arduino sun rubuta cewa a ba allon 7 zuwa 12, iyakarsa kuma 6 zuwa 20, kuma mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin lasisi. Wannan adadi bai ce komai ba game da kayan da ka rataya wa ƙafar 5V, bai kuma san ɗaki mai rufin kwano a bazara ba. Sannan 20 ɗin na NCP1117 ne. AMS1117 iyakarta ta ƙarshe 15, wanda ke nufin batirin da ke kan caji saura ƙiris ya taka layinta.

Ruwa ba ya tsami banza, sai na tambaye shi labarin allon farko, wanda ya ce ya mutu murus har ya sayi wannan. Ya tuna cewa ranar an cire kan batir don a goge tsatsa, falan sola kuma yana haɗe. Falan da ake kira mai 12 yakan kai 21 ko 22 in babu abin da ke riƙe shi, kuma batir ne ke riƙe shi. Ya ɗauko mini gawar allon daga loko. Na sa mita a ma'aunin ƙara tsakanin ƙafar shiga da ta fita na regiletar, ta yi kuka. Wannan ita ce muguwar mutuwar regileta: maimakon ta rufe ƙofa, sai ta narke a buɗe, duk abin da ya shigo ya wuce kai tsaye zuwa layin 5. Ƙwaƙwalwa ta tafi, CH340 mai magana da kwamfuta ta tafi, sau da yawa har gilashi da na'urar auna zafi. In ka auna fita ka ga adadi kusa da na shiga, zare wuta nan take, kuma ka san canza regileta kaɗai da wuya ya dawo da allon.

Ba kowace matsala ce ta zafi ba, kuma nan ne tsarin awo ke da amfani. Ni daga shiga nake farawa, a kan ƙafar regiletar kanta, ba a bakin adafta ba, kuma kayan suna haɗe suna aiki. Dalili shi ne regileta ba ta ƙirƙirar wuta. Tana bukatar tazara tsakanin shiga da fita kafin ta riƙe aikinta: 7805 tana son kusan bolt 2, wato sai an ba ta 7 kafin ta ba da 5 tsayayye, dangin 1117 kuma 1.1 zuwa 1.3. A kan Uno, in ta ramin adafta ka shigar da wuta, akwai dayod mai kare allo daga juya waya, shi ma yana cin nasa kusan 0.7. Wanda ya sa adafta mai 6 zai ga 4 da wani abu a fita, ya ce regileta ta gaji, alhali yunwa take ji. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ya fi kowa jawo wannan zargi. A hannu mita za ta ce 9, amma ka ɗora masa ɗan injin SG90 ko rile biyu ka sake aunawa, za ka ga ya durƙusa zuwa 6 ko ƙasa. Siririyar waya mai tsawo da ramukan allon gwaji da suka saki su ma suna satar rabin bolt ba wanda ya gani. Shi ya sa awon da aka yi babu kaya ba ya gaya maka komai.

A kula kuma da mitar kanta. 'Yar rawayan nan DT830 da kowa ke da ita, in batirinta ya yi sanyi sai ta riƙa ƙara adadi. Na taɓa ganin an yanke wa lafiyayyar 7805 hukunci saboda mita ta ce 5.9, aka canza wa mitar batir ta koma cewa 5.02. In alamar batir ta fito a fuskarta, kada a yarda da shaidarta.

In shiga ta cika, sai a koma fita. Tsakanin 4.8 da 5.2 lafiya ce ga 7805. Sifili yana da fuska biyu, kuma yatsa ne ke raba su. In fita sifili ce regileta kuma da sanyinta, to ko dai ta mutu a rufe, ko dalmar wata ƙafa ta tsage, abin da ke yawan faruwa ga allon da aka taɓa gyarawa da ayan narka dalma mai kauri. In kuwa sifili ce ko bolt ɗaya da rabi, jikinta kuma ba ya taɓuwa cikin daƙiƙu kaɗan, to wani abu ne a gaba ya yi shot, ita kuma tana ta zuba masa wuta iya ƙarfinta. A nan ne aka fi zaluntar ta. Zare wuta, ka auna juriya tsakanin layin 5 da nagetib. In ka ga om biyu ko uku, ka fara cire kayan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya kana sake aunawa: gilashi, rile, na'urorin awo. In duk an cire shot ɗin na nan, a kan allon yake. Ɗaga regiletar gaba ɗaya ka sake aunawa. In ya tafi da ita, ita ce. In ya zauna, ka wanke ta. Daga nan dabarar masu gyaran waya ce ta fi sauri: a shafa sifirit a kan allon, a ba layin wuta 'yar kaɗan daga abin da ke iya taƙaita amfiya, a zuba ido. Inda sifirit ya fara bushewa, nan ɓarawon yake. Sau tari kafasita, mai ajiye wuta na ɗan lokaci, ce 'yar mitsitsiya, ko ƙwaƙwalwar da aka taɓa ba wa wuta a juye.

Akwai tarko guda da nake so duk mai koyo ya haddace, domin na ga ya ci mutane masu hankali. Kunnen 7805, wancan ƙarfen mai rami, haɗe yake da nagetib, don haka ana ɗaure shi a jikin akwatin ƙarfe ba fargaba. Kunnen 1117 kuwa haɗe yake da fita. Jerin ƙafafunsu ma ba ɗaya ba ne: 7805 shiga, nagetib, fita, 1117 nagetib, fita, shiga. Wanda ya saba da ta farko, ya zo ya manna kunnen ta biyu a tagullar nagetib don ta sha iska, ya yi wa allonsa shot da hannunsa, zai kuma rantse sabuwar da ya sayo jabu ce. Haka nan AMS1117 iri-iri ce, akwai mai 5.0, mai 3.3, mai 1.8, da wadda ake saitawa da rizista, duk kama ɗaya. Ɗan rubutun da ke jikinta ne kawai ya bambanta su, kuma sai da madubin ƙara girma ake karanta shi da kyau.

Ciwon da ya fi wahalar kamawa shi ne wanda mita ba ta gani. Fita ta ce 5.0 ko 3.3 daram, amma allo yana ta farawa daga farko, ko na'urar awo tana kawo adadin banza. Mita matsakaici take nunawa, ba ta ganin abin da ya faru cikin ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Abu biyu ke ɓuya a nan. Na farko rawar regileta. Kafasitocin da ke gefenta ba ado ba ne: takardar 7805 ta nuna 0.33 maikurofarad a shiga da 0.1 a fita, AMS1117 kuma tana neman 22 na tantalam a fita don ta tsaya da ƙafafunta. Tsofaffin 1117 ma suna son kafasita mai 'yar juriya a cikinta, shi ya sa wanda ya cire tantalam ya sa ta yumɓu zalla, yana ganin ya kyautata, zai iya jefa ta cikin rawa. In kafasitar ta bushe saboda zafi, ko mai haɗa allon ya rage ta don arha, sakamakon ɗaya ne. Na biyu shi ne kayan da ke fizgar wuta farat ɗaya. ESP32, wata ƙwaƙwalwa mai Wi-Fi ta kamfanin Espressif na Shanghai, da zarar ta buɗe Wi-Fi takan ja sama da miliamfiya 200 a fizge, kamfanin ma ya ce a tanadar mata abin da zai iya ba da 500. In wayar USB siririya ce, bolt 5 ya sauka 4.3 a lokacin fizgar, AMS1117 mai 3.3 ta rasa tazararta, sai saƙon "Brownout detector was triggered", wato wuta ta yi ƙasa, ya fito a kwamfuta. SIM800L mai ɗaukar layin waya ta fi ta haɗama, takan fizgi amfiya 2 in tana neman sabis, ba kuma regiletar allo da za ta iya ciyar da ita. Wanda ke da osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar bolt a gilashi, zai ga ramin da idonsa. Wanda ba shi da shi, ya canza wayar da gajera mai kauri, ya manna kafasita mai 470 maikurofarad kusa da mai fizgar, ya ga ko ciwon ya tafi. In ya tafi, ya samu amsarsa.

Ban ce babu jabu ba. Akwai, kuma na sha karo da 1117 da ta mutu a bolt 12 ba tare da wani kaya mai nauyi ba. Amma hukuncin jabu shi ne na ƙarshe da nake yankewa, bayan shiga ta cika, kaya bai wuce kima ba, lissafin zafi ya fita, kafasitoci suna nan. Abin da ke damuna da saurin cewa jabu shi ne yana rufe ƙofar tambaya. Yaron nan ya yi makonni yana zargin 'yan kasuwa, alhali amsar tana cikin awo biyu da ninkawa ɗaya, kuma ƙwai sittin na jiran injin da zai riƙe musu digiri 37.5 har kwana 21 ba yankewa.

Maganin ba hitsink, wato ƙarfen sanyaya, ba ne, ko da yake shi ya fara kawowa. Ƙarfen sanyaya yana taimakon 7805 sosai, amma jikin 1117 ba shi da wurin ɗaura shi yadda ya kamata, kuma ko an ɗaura, kusan kashi biyu cikin uku na wutar batirin zafi za ta ci gaba da zama. A gidan da ke lallaɓa batir ya kai asuba, wannan asara ce. Muka sa ɗan allon LM2596, wanda shi ba ƙona rara yake yi ba, yanka wutar yake yi gunduwa-gunduwa sau dubu 150 a daƙiƙa, ya tara ta a naɗin waya ya sake ta a bolt ɗin da ake so. Yana karɓar shiga har 40, don haka ko an sake cire kan batir da rana, 22 ba za ta dame shi ba. Sharaɗinsa ɗaya: a saita shi kafin a haɗa komai. Yakan zo daga kasuwa fitarsa kusa da shigarsa, kuma ɗan shuɗin sukurun da ke kansa sai an juya shi baya sau goma ko fiye kafin adadi ya fara motsi, har mutum ya zaci ya lalace. Na sa yaron ya riƙe mita a fita yana juyawa har ta tsaya a 5.05. Daga nan muka raba layi biyu: ɗaya ya tafi kai tsaye ga jerin rile, ɗaya muka yanke tsohuwar wayar USB muka shigar ta ramin USB na allon, don wutar ta bi ta fis ɗin nan mai miliamfiya 500 da ke gyara kansa. Na fi son wannan hanya da cusa wuta ta ƙafar 5V, wadda ba ta da kariya ko ɗaya. Muka ƙara fis mai amfiya ɗaya a bakin batir.

Regiletar da ya zo yana zargi tana nan a kan allon, ba mu taɓa ta ba. Kafin mu rufe akwatin na ba ta bolt 7.5 ta VIN, allon kaɗai a kanta, ta fitar da 4.98, yatsana kuma ya zauna a bayanta ba tare da na ji komai ba. Da azahar ta gaba ya auna abin da allon da kayansa ke ja daga batir, rilen fanka da na feshi a kame: miliamfiya ɗari da 'yan kai, inda da yake jan 220.